Mutumin da Yake Bayan Jaki

Wasu mutane da fuska duniya take saninsu, wasu da murya. Turmi da bayansa aka san shi. Faffaɗan baya ne kamar ƙofar shago, tabo bisa tabo, har fatar ta yi kauri ta daina fitar da gashi. In ya tuɓe riga a bakin famfo, yaran gidan haya sukan bar wasa su tsaya kallo, kamar masu duba bangon da aka yi ta rubutu a kai ana gogewa.

Ubansa ne ya fara rubutun. Mai gyaran jikin mota ne, yini yake yana bugun ƙarfe har ya miƙe, in ya dawo gida kuma hannun bai san an tashi aiki ba. Uwarsu ta rasu wajen haihuwar ƙanensa, wani ɗan siririn yaro mai ciwon ƙirji, wanda numfashinsa yake kuka kamar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba. Tsinke ake ce masa. Ba shi da ƙarfin ɗaga bokiti, amma Allah ya ba shi baki, kuma bakin nan shi yake jawo ruwa. Sai ya kwaikwayi tafiyar Baba a gaban Baba. Sai ya gaya wa baƙon Baba cewa hancinsa ya riga shi shigowa.

Ranar da Baba ya fara zaro wa Tsinke wayar wuta, yayan ya miƙe. Ya taka ya rufa a kan ƙanensa, ya dafa bango da hannu biyu, ya ba da baya.

"Matsa!" in ji Baba.

Bai matsa ba. Wayar ta sauka, ta sake sauka, ta tsaga riga ta tsaga fata, jini ya gangara ya shige wando. Tsinke yana dunƙule a ƙarƙashinsa, yana jin kowane bugu yana ratsowa ta ƙirjin yayansa kamar ana daka a ɗakin maƙwabta. Sai da hannun Baba ya mutu ya yar da wayar, ya ce yana haki, "Wannan ba yaro ba ne, turmi ne." Sunan ya zauna. Aikin ma ya zauna: duk dukan da aka auno domin Tsinke, a bayan Turmi yake sauka.

Da ya girma sai ya shiga dako a wata ma'ajiyar kaya. Buhun siminti, firji, injin wuta, duk sun hau bayan nan sun sauka. Tsinke kuwa ya gwada tallan agogo, ya gwada gadi, ya gwada kwandastan mota. Ko'ina bakinsa ne yake kai shi, kuma bakinsa ne yake koro shi. A tasha ne wani direba, da Tsinke ya yi wa ba'a a gaban fasinjoji, ya kwaɗa masa sifana a goshi. Labarin ya iske Turmi da buhu a kafaɗa. Ya sauke buhun a hankali, ya jingina shi da bango, ya nufi tasha. Waɗanda suka gani sun ce ko murya bai ɗaga ba. Ya kama direban ta wuyan riga, ya yi ta haɗa fuskarsa da ƙofar motarsa har ƙofar ta loɓa. Sai da ƙarti suka taru suka ɓamɓare shi. Direban ya rayu, amma ya daɗe ta bututu yake cin abinci. Turmi ya yi 'yan shekaru a gidan yari.

Ranar da ya fito, Tsinke yana jiransa a bakin ƙofa, da tabon sifana a goshi da mata a gefe, wata tela mai kunya da ta durƙusa ta gaida shi tana kallon ƙasa.

"Yaya," in ji Tsinke, kuma ranar babu dariya a bakinsa, "hannun nan naka ba na taɓa mutane ba ne. Ka rantse min ka ajiye shi."

Turmi ya rantse. Amma rantsuwa ba ta goge sunan da ya fita. Ma'ajiyar kaya ta ce ta cika. Ko'ina ya je sai a dubi hannayensa a ce ya dawo wani lokaci.

Lokacin ne wani wasan waya ya cinye hankalin yara. Wasa ne na farautar dodanni: ka yi ta yawo cikin wata duniyar zane, ka ci karo da dodo, ka dake shi har ya galabaita, ka jefa masa zobe a wuya, ya zama naka. Dodannin sun fi a ƙirga, wani yana aman wuta, wani yana tashi sama. Amma wanda ya fi shiga ran yara shi ne Gurungu, wata halitta mai kama da jaki, ruwan toka, da kunnuwa har gwiwa, da guntun ƙaho a goshi, da kofatai kamar bulon gini. Gurungu ba ya cizo, ba ya harbi. Tsayawa yake yana kallonka da idon marayu, kana dukansa yana ƙara nauyi. Duk wanda ya ƙware a wasan ya san lagonsa: ba a dukansa a kai, a ƙugu ake dukansa, daidai gindin wutsiya.

A benen sama na wani katafaren kanti akwai ɗakin wasanni, mai fitilu kala-kala da injuna masu ihu. Manajan wurin ya sayo rigar Gurungu, ya rasa masu shiga. Riga ce ta mutum biyu. Na gaba yana tsaye, kansa cikin kan jakin, wani ƙaton ƙoƙo na roba mai tauri da ƙashin ƙarfe a ciki. Ta wata raga a bakin jakin yake gani, kuma ragar ba ta nuna ƙasa, daga ƙirjin mutane zuwa sama take nunawa. A hannunsa akwai maɓallin da in ya danna, lasifikar da ke cikin kan take yin kukan jaki. Na baya kuwa a sunkuye yake, goshinsa a ƙugun na gaba, hannayensa riƙe da bel ɗinsa, da ɗan soso a shimfiɗe bisa gadon bayansa. Ba ya ganin komai sai ta wata tsaga a cikin jakin: tayil da ƙafafun mutane. Zif ɗaya ne yake ɗinke su biyun cikin fata ɗaya.

Tsinke ne ya jiyo labarin, ya jawo yayansa.

"Doka uku ce," in ji Manaja. "Jaki ba ya magana. Jaki ba ya cire kai a gaban yara. Jaki ba ya ramawa." Da ya zo ta ƙarshen, Turmi yake kallo.

"Ranka ya daɗe, ka samu jakin asali," in ji Tsinke. "Wannan ko aradu ta faɗo masa, sannu zai ce mata."

Ba a yi gardamar wa zai shiga ina ba. Ƙirjin Tsinke ba ya son sunkuyo, kuma shi ya iya rawa. Suka yi wata yarjejeniya tsakaninsu: in abin ya yi wa na baya yawa, ya ja bel sau biyu, na gaba ya juya da jaki zuwa sito a huta. Shekaru suka shige, Turmi bai taɓa ja ba.

Aikin ba wuya a faɗa. A ba yaro sandar soso, ya zagayo bayan Gurungu ya yi ta tafka, mai shela yana zuga shi. In an kaɗa ƙararrawa, jaki ya durƙusa, yaro ya jefa masa zobe a wuya, a ɗauki hoto. Cikin rigar kuwa zafi ne kamar tanda, gumi yana taruwa a kofato yana cakal-cakal, suna hira ƙasa-ƙasa inda kiɗa yake rufe muryarsu.

"Yaya, me ka ci jiya? Jakin nan ta ciki zai mutu."

"Ni da hancina yake bayanka ban kai ƙara ba, sai kai?"

"Ai naka lada ne. Ɗaga ƙafar hagu, wata 'yar gwaggo tana son ta ga kofato."

Turmi ya so aikin, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Ya san duniya ta takalma. Ya san 'yan silifas masu kan zomo, da takalman da aka sa a karkace, da ƙafafun da suke zuwa da gudu su ja birki don tsoro. Dukan 'yan hannayen nan bai kai masa ko saukar yayyafi ba. Da daɗewa bayansa ya daina kawo masa ƙananan labarai. Tela, matar Tsinke, takan ce in tana gwada masa riga sai ta soke shi da allura bisa kuskure, ita take cewa wash, shi bai san an yi ba.

Sai manyan takalma suka fara zuwa.

Samari ne da suka taso da wasan a hannu, gemu ya fara tsiro musu amma ba su ajiye shi ba. Sukan zo a ƙungiya, ɗaya yana duka, sauran suna ɗauka da waya. Wani abu ya shigo yayi a tsakaninsu: wa zai kayar da Gurungu da gaske, kafin ƙararrawa. Suka fara da hauri. Suka koma tsalle suna dira a gadon bayansa da gwiwa. Jaki yakan yi tangaɗi ya tsaya. Bidiyon ya yaɗu, aka ce akwai wani Gurungu da ba ya faɗuwa, masu son gwadawa suka ƙaru. Manaja ya ga ɗaki yana cika, ya kau da kai.

A cikinsu akwai wanda Turmi ya fi ganewa: farin takalmi ƙal, mai jar igiya. Shi ba ya gaggawa. Yakan tsaya ya gyara ƙafa, ya auna, kamar mai shirin faskare.

Wata rana da rana, farin takalmin ya zo ya tsaya a gindin wutsiya. Turmi ya ga ƙafar dama ta ja baya. Abin da ya sauka ba soso ba ne. Wani haske ya tsaga masa ido, ya ji ƙarar a cikin haƙoransa kafin ya ji ta a ƙugu. Rodin ƙarfe ne aka zura cikin sandar soso. Na biyu ya sauka inda na farko ya sauka. Na uku ya sa ya ciji bel ɗin Tsinke har haƙori ya huda fata.

"Yaya? Mene ne wannan ƙarar?"

"Yi rawarka."

Bai faɗi ba. Da aka kaɗa ƙararrawa ya durƙusa kamar kullum, sai dai tashin ya so ya gagara. A sito, da Tsinke ya zuge zif ya ɗaga masa singileti, sai ya ja da baya ya toshe baki. Ƙugun ya kumbura ya yi baƙi da shuɗi kamar hadari. Turmi ya shiga bayi, abin da ya fito ja ne.

Manaja ya zo ya duba, ya yi tsaki, ya ce daga yau mai gadi zai riƙa matsa kowace sanda kafin a shiga da ita. Ya ƙara da cewa gobe ce ranar babbar gasa, an buga hoton Gurungu a ko'ina, in jaki bai fito ba akwai waɗanda suke jiran rigar.

A gida, Tela ta gasa masa wurin da ruwan zafi tana kallon bango don kunya, hawaye yana ɗiga a kwanon.

"Sunkuya mu gani," in ji Tsinke.

Turmi ya dafa gwiwa. Bai kai rabi ba ɗakin ya juya masa, ya faɗi a kan hannu yana kakarin amai.

"To, jaki ya ƙi kaya."

"Zan iya."

"Za ka iya mutuwa, wannan na yarda. Gobe ni ne baya, kai ne gaba. Tsayuwa dai ai ba ta gagare ka ba."

"Ba ka isa ba."

"Yaya, dubi gemuna, furfura ce. Har yaushe za a riƙa goya ni?"

"Ku ce ba ku da lafiya mana," in ji Tela daga bayan keken ɗinki. "Dole ne?"

"In aka karɓe rigar, ni bakina zai samo min wani wurin," in ji Tsinke. "Shi fa?"

Fanka tana ta juyawa a sama. Can Turmi ya ce, yana kallon tafin hannunsa, "Farin takalmi ne, mai jar igiya. In ka gan shi, kada ka jira. Ko ƙuda ne ya sauka maka, ka ja bel."

"Zan ja har wandonka ya faɗi a gaban jama'a."

Da safe Tela ta ƙara wa rigar soso biyu a ƙugu, ta ɗinke da zare mai kauri.

Ɗakin wasanni ya cika har matakala. Mai gadi ya fara matsa sanduna da gaske, amma da layin ya yi tsawo, ana turereniya ana zaginsa, sai ya koma ɗaga hannu kawai yana cewa a wuce. Turmi ya zura kansa cikin kan jakin, ya ji hannayen ƙanensa sun kama bel ɗinsa, marasa nauyi kamar tsuntsu ya sauka a reshe. Suka fito.

Bai taɓa sanin haka abin yake ba. Shekara da shekaru yana jin ihun nan daga cikin duhu, yau sai ga shi da fuskoki. Ga masu silifas ɗin kan zomo, ashe giɓi ne da su a baki. Ga idanu kamar an wanke su, duk a kansa, ba mai tsoronsa, ba mai duban hannunsa. Wata 'yar mitsitsiya da aka ɗaga a kafaɗa ta kamo kunnen jakin ta sumbace shi. Ya danna maɓalli, lasifika ta ɓarke da kuka a cikin kunnuwansa, yara suka kwashe da dariya. Ya sake dannawa. Ya kaɗa kai hagu da dama yadda yake jin Tsinke yana yi. Mutumin da bai taɓa rawa ba, ranar ya taka.

Wani saurayi ya zo gabansa, mai tabarau, fuska a wanke, irin wanda uwa za ta aika ta kwanta da hankalinta. Ya yi murmushi ya shafa ƙahon jakin. Turmi ya sunkuyar masa da kai alamar gaisuwa. Ragar ba ta nuna ƙasa. Saurayin ya ɗaga sandarsa ya nuna wa abokansa masu waya, ya zagaya baya.

Turmi ya ji jikin jakin ya girgiza. Ya ɗauka Tsinke ne yake ƙara wa rawar gishiri, don ya san halinsa. Ya danna kuka. Jikin ya sake girgiza, ya sake. Kiɗa yana dukan bango, lasifika tana ihu a kansa, yana jiran jan bel, bai ji an ja ba. Ya ce a ransa, ashe yaron nan yana da ƙashi.

A fuskar mutane ya karanta abin da ya faru. 'Yar da ta sumbaci kunnensa ta daina dariya, bakinta a buɗe. Wata uwa ta rufe idon ɗanta da tafin hannu. Mai shela ya sauke abin maganarsa. Sai wani nauyi ya rataya a ƙugunsa ya ja shi baya, kamar an ɗaura masa buhu.

Ya juya, jakin ya naɗe gida biyu. Ta cikin ragar ya ga bayan Gurungu a baje a ƙasa, ƙafafun sun watse kowace ta kama gabanta. Soso ya yage. Daga bakin zif wani jan abu yana tsatsowa yana bin layin tayil. Saurayin mai tabarau yana tsaye da sanda, kan rodi ya leƙo ta inda soso ya fashe, yana ce wa wayar abokinsa, "Kun gani? Na ce muku yana faɗuwa!"

Turmi ya kama kan jakin da hannu biyu ya fizge. Igiyoyin da suka riƙe shi suka tsinke. Yara suka ga Gurungu ya cire kansa, wani baƙin kai mai gumi da jajayen idanu ya fito daga wuyansa, suka fasa ihu.

Saurayin ya ja da baya. Turmi ya bi shi. Ya manta da zif. Ya manta cewa fata ɗaya ce ta ɗinke su. Duk takun da ya yi, yana jan ƙanensa a kan tayil kamar tsumma, jini yana zana hanya a bayansu.

"Wasa ne, Baba! Wallahi wasa ne!"

Saurayin ya kai masa rodin. Turmi ya tare da damtse, ko gezau. Ya ɗaga kan jakin ta kunnuwa, da robarsa da ƙashin ƙarfensa, ya sauke a fuskar yaron. Tabarau ya tarwatse. Ya sake ɗagawa ya sauke. Maɓallin ya maƙale, lasifikar ta riƙa kukan jaki ba tsayawa, kuka bisa kuka, yana dukan yaron da kan da yake kuka. Haƙora suka zubo a tayil kamar an watsa tsakuwa. Abokan suka zubar da wayoyi suka tsere. Mai gadi ya rungumo shi ta baya, Turmi ya yarfar da shi cikin wani inji, gilashi ya rushe. Iyaye suna kwasar 'ya'ya, ana tattake juna a matakala, takalma a warwatse ba masu su.

Ba ƙarfin kowa ne ya tsayar da shi ba. Wata 'yar murya ce daga cikin fatar jakin, tana fita da kumfa: "Yaya... tsaya... kana ja na."

Ya saki kan. Ya durƙusa, ciwon ƙugunsa ya soke shi bai kula ba, ya kama zif ya ƙi zugewa, ya sa hannu biyu ya yage rigar tun daga wuya har wutsiya. Tsinke yana kwance a dunƙule, idonsa a buɗe, jini yana fita ta baki da hanci tare da numfashi. Hannayensa har yanzu suna maƙale da bel.

A ofishin 'yan sanda aka ce ya tuɓe abin da ya rage na rigar. Wani kurtu ya zagaya bayansa ya tsaya.

"Kai, wace mage ce ta yi maka haka?"

Turmi bai gane ba. Kurtun ya kawo waya ya ɗauka ya nuna masa. Sama da inda bel yake zama, fatar duk a yakushe take, layi bisa layi, wasu sun yi zurfi har nama. A cikin ɗaya akwai guntun farce a kafe. Tsinke ya ga jar igiyar tun kafin bugun farko. Ya ja bel, ya sake ja, da ya ga ba a juya ba ya koma yakushi. Bayan nan nasa da ya sha wayar Baba da buhunan siminti da gwiwoyin samari bai kawo saƙon ba. Turmi ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya juya ya fara buga goshinsa da bango, sai da suka ɗaure shi da ƙafar benci.

A kotu likita ya yi bayani da murya mai sanyi. Rodi ya fasa ƙoda ɗaya, ya karya haƙarƙari. Amma jan da aka yi wa majinyacin a ƙasa ne ya tura karyayyen ƙashin cikin huhu. Turmi ya ji wannan yana tsaye, ya riƙe katakon gabansa har ya yi ƙara. Saurayin ya rasa ido ɗaya, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, uwarsa tana kuka a bencin gaba. Shi ma an tuhume shi, amma daga gadon asibiti gida ya wuce. Manaja ya ce shi bai taɓa sanin ana shiga da ƙarfe ba. Alƙali ya duba tsohon laifin tasha, ya ɗora sabo a kai. Turmi ya koma inda ya fito.

An daɗe kafin Tsinke ya iya zuwa. Ranar da ya zo, Tela ce take riƙe da shi, ɗayan hannun da sanda, ya ranƙwafa kamar mai neman abin da ya faɗi. Ta zaunar da shi a bencin ɗakin ganawa, ta koma gefe. Ragar ƙarfe ce a tsakaninsu. Turmi ya kasa ɗaga ido.

"Yaya, ka rame. Ba sa ba ku abinci ne, ko kai ne kake ba su naka?"

Tsinke ya ƙara matsowa jikin ragar.

"Likita ya ce ƙoda ɗaya ta ishi talaka. Ta biyun ma almubazzaranci ce."

"Na ga farcenka," in ji Turmi, muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa.

Tsinke ya ɗaga yatsan ya duba. "To ka dawo min da abina. Mutum ya ba ka aro ka riƙe."

"Ka ja, ban ji ba. Kuma na ja ka a ƙasa. Kuma na karya rantsuwa."

"Duk ka yi." Tsinke ya yi tari, ya dafe haƙarƙari har ya lafa. "Rantsuwar ce ta fi ba ni haushi. Yaron nan sakarai ne, amma ɗan wani ne. Na ga uwarsa." Ya numfasa. "Sauran kuwa bar shi. Tun ina yaro nake jin ƙarar duka ta cikin ƙirjinka, ban taɓa sanin ɗanɗanonsa ba. Yanzu na ɗanɗana. Yaya, ba daɗi. Ban san yadda ka yi ta cinye shi kai kaɗai ba, ko tayi babu."

Turmi ya sa hannu ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Kai, bari mana, ana kallonmu. Ƙato da kai."

Gandiroba ya buga sanda a ƙofa, ya ce lokaci ya yi. Tsinke ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Turmi ya miƙa hannu, yatsunsa suka tsaya a raga, ko ɗaya bai shige ba. Tela ce ta zo ta sa kafaɗa ta ɗaga mijinta. Da ya daidaita a kan sanda, sai ya waiwayo.

"Wannan kumburin na gefen idonka fa?"

"Ba komai. Wasu ne a ɗakinmu."

"Wa ka tare wa?"

"Ba kowa. Tsayawa kawai na yi."

"To ka ji. A nan ba ka da ƙane. In an kawo maka duka, ka kauce."

"Ban iya ba."

"Ka koya," in ji Tsinke. "Ni ma da furfurata na koyi nawa."